Yarbawa sun yi fim ɗin Ayinla, mu ina na Shata?

Sagir Idi-Araba:
Salamu alaikum jama'ar zaure. Yau kam sai na amayar da abin da ke cina. Duk sanda aka tashi lissafa finafinan mawaƙa da suka fi kyau, sai ka ji Ray, sai Bohemian Rhapsody, sai na Bob Marley da ya fito a 2024. To ni a wurina Ayinla ya shanye su duka, wanda Tunde Kelani ya yi a 2021 kan Ayinla Omowura, mai kiɗan apala na Abeokuta da manajansa ya kashe a 1980. Nan kusa da mu aka yi shi, da harshen gida, da 'yan wasan gida. Abin takaicin mu ne. Tun Turmin Danya a 1990 Kannywood ke yin fim, ga kuma rawa da waƙa, amma a nuna min fim ɗaya tsayayye, na sinima, kan rayuwar babban makaɗi irin Shata. Ɗaya tak. Ragwanci ne da rashin kishi. Wanda ya ji haushi ya fito mu yi.

Alhaji Lawal Bakatsine:
Wa alaikumus salam. Sagir, kafin a kai ga kishi, fara gyara kalmarka. Shata mawaƙi ne, ba makaɗi ba. Ɗauko kowane bidiyonsa da ke yawo ka duba: shi yana gaba da makirfo, yaransa suna baya, su ke kiɗa su ke amshi. Wa ya taɓa ganin Dokta da kalangu a hammata? Bai ma gaji abin ba. Mahaifinsa a Musawa bai so ya yi waƙa ba, da tallan goro da alewa ya fara. Digirin girmamawar da Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi a 1988 don bakinsa ne.

Malam Bello Bagobiri:
Alhaji, Allah shi ƙara girma, amma wanga gyara naka shi ma yana son gyara. Mu ƙasar Sakkwato da Zamfara, in anka ce Makaɗa, girmamawa ce. Makaɗa Narambaɗa, Makaɗa Ɗanƙwairo, Makaɗa Sa'idu Faru. Uban tafiya ake kira hakanan, ko ya riƙa kotso ko bai riƙa ba, don da sunanai ake kiɗin. Mawaƙi kuwa ai ko Aƙilu Aliyu mawaƙi ne, ko Mu'azu Haɗeja, masu alƙalami da takarda. Malaman jami'a ma da sunka raba su gida-gida, cewa sunka yi makaɗan fada, makaɗan jama'a, makaɗan maza. Cikin makaɗan jama'a sunka aje Shata, shi da Ɗanmaraya. Yaron ga bai yi kuskure ba.

Alhaji Lawal Bakatsine:
Malam Bello, abin da ake yi a Isa da Maradun ba shi ne dokar ƙasar Hausa ba. Je Funtuwa ka ce Makaɗa Shata ka ga irin kallon da za a yi maka. Rabe-raben 'yan jami'a kuma na cin jarrabawa ne.

Sagir Idi-Araba:
Iyayena, ni fa maganar fim na kawo.

Baba Ɗanjuma Oko-Oba:
'Ya'yana, ku bi kalmar nan a hankali, don ko 'yar sandar nan mai lanƙwasasshen kai da ake dukan kalangu da ita makaɗi ne sunanta, wasu su ce gula. Amma ga abin da zai kayar da fim ɗin ranar da aka zo yinsa. Kalangu fuska biyu gare shi, ƙugunsa a tsuke, tsarkiya ta haɗa fatar gaba da ta baya. Muryarsa a hammata take. Ka matse tsarkiya, fata ta ɗaure, murya ta hau. Ka saki, ta sauka. Da haka yake faɗin magana, tunda Hausar ma da hawa da sauka take tafiya. To ɗan wasan da aka rataya wa kalangu jiya-jiya, hannun dama kaɗai yake kaɗawa, damtsen hagu a sandare kamar an yi masa ɗori. Kunne na jin kiɗa na hawa da sauka, ido na ganin gwiwar hannu ba ta motsi. Ga yatsun hagu da ya kamata su kwanta a bakin fata suna danne ta suna kashe amo, nasa suna reto a iska. Kowane mahauci a Oko-Oba zai gano ƙaryar kafin a kai amshi na biyu, don kiɗan gidansu ne.

Sai fata. Marar kauri ce, ba ta son laima. Da damina a Legas kalangu kan kwana ya saki, sai an shanya shi a rana ko an kanga shi da wuta daga nesa. A sa shi ƙarƙashin manyan fitilun nan masu zafi kuma ya ɗaure, muryar da ya ba da da hantsi ba ita zai ba da da la'asar ba. Don haka a ɗauki masu kiɗa na gaske su fito a masu kiɗa, kowa ya zo da kalangu biyu, in akwai kiɗan da za a naɗa a naɗe shi rana ɗaya a ɗaki ɗaya. Kotson su Ɗanƙwairo kuma wani aiki ne daban: fuska ɗaya ce, da hannu ake bugunsa, ana liƙa masa nake a tsakiyar fata. Wanda ya iya wannan ba lalle ya iya wancan ba.

Auwal Alaba Rago:
Ni dai dariya kuke ba ni. Makaɗi, mawaƙi, ai duk maroƙa ne. A yabi mai kuɗi ya ba da mota. Bature na yin fim kan wanda ya rubuta waƙarsa ya sayar da faifai. Mu me za a nuna, awa biyu ana liƙi?

Alhaji Lawal Bakatsine:
Auwal, ka janye wannan kalmar. Maroƙi shi ne sanƙiran da ke gefe yana ƙara wa magana gishiri, yana shelar wane ya ba da kaza. Mutumin da ya yi wa direbobi waƙa, ya yi wa manoma, ya yi wa sojoji, shi za ka haɗa da mai tsayawa ƙofar gidan suna?

Malam Bello Bagobiri:
Nan kam ni da Alhaji sahu guda muke. Bakano in ba a ɗora abu bisa sikeli ba bai san darajatai ba.

Auwal Alaba Rago:
Ban janye ba. Ku ci gaba.

Anti Rabi Obalende:
Ku maza kun cika son gardamar suna. Indiya ta yi shekara da shekaru tana fim ɗin mawaƙa da 'yan wasan da ba sa rera ko baiti ɗaya, ba wanda ya ce an cuce shi. Abhimaan na 1973, Amitabh da Jaya: miji shahararren mawaƙi, ya auro yarinya daga ƙauye, ta zo ta fi shi suna, kishi ya cinye gidan. Muryar matar ta Lata Mangeshkar ce, kowa ya sani. Rockstar na 2011 bakin Ranbir Kapoor ne, muryar Mohit Chauhan. Ni Abhimaan ya fi min Ayinla, ya fi na Turawan nan, don ya shiga har ɗaki ya nuna abin da suna ke yi wa aure. Sannan tun ɗazu daga Shata sai Ɗanƙwairo, ba wanda ya ambaci Barmani Choge. A 2013 ta rasu, waɗanda suka san ta suna nan da ransu. Kayan kiɗan amada ƙore ne a kife, wata a kan ruwa, babu fatar da za ta saki wa Baba rai. Fim ɗinta ya fi sauƙin yi, kuma mata za su cika sinima. Ita me za ku ce mata, makaɗiya ko mawaƙiya?

Alhaji Lawal Bakatsine:
Mawaƙiya mana.

Malam Bello Bagobiri:
Makaɗiyar amada.

Kabiru Mai Sauti:
Anti ta taɓo inda aikin yake. Ɗan wasa ko dai ya hau muryar mai waƙar ta asali, kamar Jamie Foxx a Ray na 2004, inda yawancin waƙoƙin muryar Ray Charles ce amma yatsun da ke kan fiyano nasa ne; ko ya rera da bakinsa, kamar Joaquin Phoenix a Walk the Line; ko a gauraya, kamar Bohemian Rhapsody da aka haɗa muryar Freddie Mercury, mawaƙin ƙungiyar Queen, da ta wani mawaƙi Marc Martel da ɗan abin da Rami Malek ya rera. Na Shata dole hanyar farko, ba Bahaushen da zai yarda da muryar aro.

Ga yadda ake yi. A samo kwafin da ya fi tsabta, faifan garmaho ya fi kaset in bai karce ba. A juye shi cikin kwamfuta sau ɗaya tak, a kilohaz 48, don shi ne ma'aunin bidiyo. Wannan fayil ɗin shi za a ba ɗan wasa ya yi ta bita, shi za a saki a wurin ɗauka, shi edita zai ɗora. Inda ake faɗuwa shi ne a yi bita da ɗauka da kwafin da aka sauke daga YouTube, a zo tacewa da na kaset. Kaset santimita 4.76 yake gudu a sakan. Rediyon da ya yi saurin kashi 2 cikin 100 kawai zai ba ka bambancin sakan 12 a waƙar minti 10, kuma kun san Dokta in ya kama waƙa ba ya gaggawar saki. Haka in fayil na kilohaz 44.1 ne manhaja ta karanta shi a 48, zai ƙara gudu kusan kashi 9 cikin 100, murya ta sirance, dattijo ya koma ɗan samari.

A gaban waƙar a sa ƙwanƙwasa huɗu ko takwas don ɗan wasa ya san inda zai shiga. Lasifika kada ta yi nisa: sauti mita 343 yake ci a sakan, in ka ajiye ta mita 14 daga kunnen mutum ya riga ya makara da firam ɗaya, wato hoto ɗaya cikin jerin da ke wucewa a sakan, a firam biyu kuwa ido ya fara gani. In akwai magana a tsakiyar waƙa, a kashe lasifika a sa masa 'yar na'ura a kunne, in ba haka ba waƙar za ta shiga makirfon magana, ba mai fitar da ita. Kuma ya rera da ƙarfi da gaske. Masu hawa waƙa a Kannywood leɓe kawai suke motsawa, wuya a kwance lumui. Jijiyar wuya da ɗaukar numfashi su ke sa mai kallo ya yarda.

Nura Edita:
Oga Kabiru, ka tsallake babban. Firam 24 ko 25 a sakan? Wutarmu haz 50 ce, a 25 ya kamata a ɗauka in ba a son fitilar ɗaki ta riƙa ƙyaftawa. Sai a ɗauka a 25, a zo kai wa sinima wani ya ce a mayar 24 ta rage gudu. Kashi 4 cikin 100 ke nan, sakan 7 da rabi a waƙar minti 3. In ba a ja sautin tare ba, baki da murya sun raba gari tun kafin amshin farko. In an ja tare ba a gyara kaifin murya ba, ta yi ƙasa. A yanke wannan shawarar tun ba a kunna kyamara ba.

Sannan waƙar Shata ba ta tafiya kan bugun na'ura irin na fiyanon Kannywood, inda za ka cire baiti ka liƙa wani ya zauna daram. Kiɗan hannu ne, yana tafiya yana ƙara zafi, gudun minti na 2 ba shi ne na minti na 8 ba. Ka gajarta ta daga tsakiya, kunne zai ji tsalle. Sai dai a yanke a kan amshi, a rufe wurin da hoton 'yan kallo ko na mai liƙi.

Kabiru Mai Sauti:
Nura, na'urorin sinima na yanzu suna karanta 25, ba sai an mayar ba. Kuma ko a 24 ana kauce wa ƙyaftawa in ka saita shota, wato ƙiftawar idon kyamara, a 1/50.

Auwal Alaba Rago:
Ga wani Shatan kuma ya shigo. Shi makaɗi ne ko mawaƙi?

Nura Edita:
Wannan lissafin a wutar NEPA ne, Oga. Janareton da lodinsa ke hawa da sauka ba ya tsayawa a 50, ko me ka saita sai ta ƙyafta. A yi hayar fitilun da ba sa ƙyaftawa, a kashe na ɗakin, a huta. Masu sauti dai kullum gani suke hoto abin banza ne.

Kabiru Mai Sauti:
Rufe ido ka saurari fim ɗin mawaƙi, za ka kai ƙarshe. Toshe kunne ka kalla mu gani.

Sagir Idi-Araba:
To duk wannan lissafin ai shi Tunde Kelani ya tsallake. Lateef Adedimeji ya hau waƙoƙin Ayinla, an haska a sinima, an kalla. Abin da nake faɗa ke nan tun farko.

Auwal Alaba Rago:
Sagir, bar zancen Ayinla. Bohemian Rhapsody ya haura dala miliyan 900, ya ci Oscar 4. Kasuwa ta riga ta yanke hukunci.

Nura Edita:
Wasan ƙarshen nan kam aiki ne, ba musu. Ɗora shi gefe da bidiyon wasan Queen a taron Live Aid na 13 ga Yuli 1985 a Wembley ka duba kan fiyanon: har kofunan Pepsi da na giya an jera su, ga guntun sandar makirfon da Freddie yake riƙewa, ga farar singileti da ɗamarar damtse. Amma labarin an murɗe shi. An nuna ya gaya wa abokansa yana ɗauke da cutar ƙanjamau kafin wasan, alhali sai 1987 aka tabbatar masa. An nuna ƙungiyar ta watse ta daɗe ba ta haɗu ba, alhali har watan Mayu na shekarar suna yawon wasa tare. Yi wa Shata irin wannan murɗiyar ka ga ko za ka sake bi ta Funtuwa.

Barista Zainab:
Yayyena, kafin firam da fata akwai takarda. Kowace waƙa haƙƙi biyu ne a kanta. Na farko na waƙar kanta, kalmominta da karinta. A Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 yana nan har shekara 70 bayan rasuwar mai ita. Shata ya rasu a 1999, ku lissafa, sai 2069. Ɗanmaraya kuwa 2015. Wannan yana hannun magada. Na biyu na naɗin ne, wato wancan faifan ko tef ɗin takamaimai. Shi shekara 50 ne, kuma galibi na wanda ya ɗauki nauyin naɗin ne, kamfanin faifai ko gidan rediyo. Ko naɗin ya tsufa ya fita daga kariya, na farkon yana nan. In ka sa wani ya sake rerawa, na biyun kaɗai ka tsere wa.

Abin da ke kashe aiki shi ne furodusa ya zauna da ɗa guda, ya ba shi kuɗi ya sa hannu, ana gab da haskawa sauran magada su nufi kotu. Gidan da ke da 'ya'ya da yawa sai an samu wanda dukansu suka wakilta a rubuce, sannan a fayyace waƙa nawa, minti nawa daga kowace, sinima kaɗai ko har intanet, ƙasashe nawa, shekara nawa. Ba mu kaɗai abin ke ci ba. Fim ɗin Jimi Hendrix na 2013 da André Benjamin ya fito, haka aka yi shi babu waƙar da Hendrix ya rubuta ko ɗaya, don masu kula da gadonsa ba su bayar ba. Na Queen kuwa 'yan ƙungiyar, Brian May da Roger Taylor, suna da hannu a shirya shi, shi ya sa waƙa ta samu, shi ya sa kuma su suka fito fes a labarin. Sai waƙoƙin zambo da habaici. Jikokin waɗanda aka yi wa suna nan, wasu da rawani a ka. Fim ɗin Shata babu zambo kuma miya ce ba gishiri.

Alhaji Lawal Bakatsine:
Barista, Allah ya yi albarka. A dokar me aka kira shi, makaɗi ko mawaƙi?

Barista Zainab:
Da Turanci aka rubuta ta, Alhaji. Ba ta shiga rigimarku ba.

Malam Bello Bagobiri:
Tunda an ambaci Queen, in dai fim ɗin ƙungiya ake so, gidan Ɗanƙwairo za a nufa. 'Yan amshin Shata layi guda suke maimaitawa, shi ka zuba. Na Ɗanƙwairo karɓi suke yi: ya ɗauko baiti ya kai rabi ya saki, su cafe su ƙarasa, wani wuri su yi ƙari, murya bisa murya. Wanga ba a yin shi da ka, sai an zauna an tsara waƙa an yi ta maimaici kafin a kai ta fada, kuma zaman nan shi kanai abin kallo ne. Ga gado: ƙarƙashin wanai Kurna yat tashi, da yar rasu 1991 'ya'yanai sunka ɗauka. Ga Sardauna tsakiyar labari. Mi kuma ake nema? Su ko Yarbawan da Sagir ka yabo, gangan ɗinsu kalangunmu ne sunka ara ba su maido ba.

Baba Ɗanjuma Oko-Oba:
Wannan na ƙarshen wasan Bagobiri da Bayarabe ne, kada yara su ɗauka tarihi.

Alhaji Lawal Bakatsine:
Malam Bello, ka kashe kanka da bakinka. Wanda sai ya yi kwana da kwanaki yana bita, da wanda za a nuna wa mutum a taro ya ƙera masa waƙa nan take a tsaye, wa ya fi?

Malam Bello Bagobiri:
Mai gina soro da mai kafa rumfa, wa ya fi?

Alhaji Lawal Bakatsine:
Bakandamiyar ce rumfa? Allah ya shirye ka.

Musa Ɗan Agadas:
Kuna ta wahala da magada da tsoffin kaset. A Agadas an yi fim ɗin mai jita a 2015, da harshen Buzaye, Mdou Moctar ya fito da kansa. Tsarin Purple Rain na Prince aka ɗauko: saurayi da babur, uba ba ya son kiɗa, ga abokin hamayya ana shirin gasa. Shi ke kaɗa jitarsa da hannun hagu, shi ke rerawa, babu hawa muryar kowa, babu mai kai ƙara. Kuma wannan mutumin a Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko a 2008. Ku fara da mai rai mana. Kano da Kaduna cike suke da su.

Auwal Alaba Rago:
Masu ran ai sai sun ce a nuna su sun fi kowa kyau. Kuma ga Fela a ƙofar gidanmu, su ma Yarbawan da ake yabo Finding Fela na 2014 wani Ba'amurke ne ya yi musu, Alex Gibney, shi ma na tarihi ne, hira da tsoffin hotuna da wasan dandali.

Kabiru Mai Sauti:
Fela ya fara nasa da kansa, The Black President. Sautin fim ɗin na cikin abin da ya ƙone ranar 18 ga Fabrairu 1977 da sojoji suka cinna wa gidansa Kalakuta wuta a Agege Motor Road, fim bai fito ba. Shi ya sa sauti ake ajiye shi kwafi uku, biyu a na'ura daban-daban, ɗaya a wani gida dabam. Masu tsoffin kaset ɗin Shata da Ɗanƙwairo a shaguna kuma, don Allah a daina sa su a rediyon da robar jansa ta narke. Laimar Legas na sa tef ya yi fumfuna ya manne, ja ɗaya ya tsinke. A juya shi da biro a hankali daga farko zuwa ƙarshe tukuna, a goge kan rediyon da auduga da sifirit, sannan a juye.

Alhaji Lawal Bakatsine:
Yauwa, Fela shi ne makaɗi, don shi da hannunsa yake riƙe abin busa.

Malam Bello Bagobiri:
Mai busa mabushi ne, Alhaji. Makaɗinai Tony Allen ne. Ka ga ma'aunin naka bai auna komi.

Alhaji Lawal Bakatsine:
Dare ya yi, gobe akwai kasuwa. A matsayina na shugaban zaure bari in tattara. An yi muhawara mai amfani, kuma galibin jama'a sun gamsu cewa Dokta Mamman Shata mawaƙi ne, masu gangarsa su ne makaɗa. Malam Bello ya kawo yadda ake faɗa a yankinsu, mun ji, al'adar gari ce. Auwal ya yi suɓutar baki kuma an wuce wurin. Masana sauti da hoto sun tabbatar cewa muryar Dokta ba ta aruwa, wanda ke nuna babu kamarsa. Barista ta nuna hanyar da za a bi a samu izini. Saboda haka zaure ya tsaya a kan cewa in za a yi fim, da na Shata za a fara, sauran su biyo baya. Allah ya ba mu alheri.

Malam Bello Bagobiri:
Wane galibi? Kai ɗaya ne galibin? A ƙirga.

Auwal Alaba Rago:
Ba suɓutar baki ba ce, da gangan na faɗa.

Anti Rabi Obalende:
Barmani ko a cikin "sauran" ba a kira sunanta ba. Na gode, Alhaji.

Kabiru Mai Sauti:
Ni cewa na yi masu kallo ba za su yarda da muryar aro ba. Ɗanƙwairo ma haka ne.

Sagir Idi-Araba:
Har yanzu fa ba wanda ya ce min Ayinla ya fi ko bai fi ba. A cikinku ma wa ya kalla?

Baba Ɗanjuma Oko-Oba:
Alhaji, ka rubuta "masu gangarsa". Kalangu ne. Ganga daban take, ba a matsa ta a hammata. Gyara wannan tukuna.